Waiwaye: Yadda ɓaraguzan jirgin Yamamoto suka zama hajar masu tara kayan yaƙi

Da safiyar 18 ga Afrilu 1943, a Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen yaƙin Amurka ƙirar P-38 suka taso daga tsibirin Guadalcanal suka tare jirgin da ke ɗauke da Admiral Isoroku Yamamoto, babban kwamandan sojojin ruwan Japan wanda ya tsara harin da aka kai wa sansanin Amurka na Pearl Harbor, suka kakkaɓo shi a dajin kudancin tsibirin Bougainville, wanda yanzu ke cikin ƙasar Papua New Guinea. Amurkawa sun riga sun warware saƙon sirri na tafiyarsa, har lokacin isowarsa sun sani. Washegari sojojin Japan suka tsinci gawarsa a gindin bishiya, hannunsa na kan ƙotar takobi.

Tokyo ta ɓoye labarin fiye da wata guda, sai 21 ga Mayu ta sanar. Aka yi masa jana'izar ƙasa ranar 5 ga Yuni, aka raba tokarsa biyu: rabi maƙabartar Tama da ke Tokyo, rabi garinsu Nagaoka. Daga nan hotunansa da jaridun makoki da rubutun hannunsa na buroshi suka zama abin ajiya a gidaje. Su ne yau ake gwanjonsu, kuma rubutun nan ya fi komai saurin jabu, tunda tawada da tsohuwar takarda ba su da wuyar samu.

Amma inda aka yi ta'adi shi ne dajin. Jirgin, ƙirar Mitsubishi G4M, yana nan kwance kusa da garin Buin, kuma shekara da shekaru duk wanda ya kai wurin sai ya ɓanɓari ɗan gwangwani ya cusa a jaka. Dokar Papua New Guinea ta 1952 ta ce kayan yaƙin da aka bari mallakar gwamnati ne, sai dai wa zai yi gadin ƙarfe a ƙungurmin daji? Abin da ya ɗan tsare shi ma rikici ne: yaƙin basasar Bougainville daga 1988 zuwa 1998, sannan taƙaddamar filaye tsakanin dangogin yankin, suka toshe hanya har 2015.

Fiffiken hagu dai ya fita ta ƙofa, ba ta taga ba. Da yardar hukumomin ƙasar aka kai shi Nagaoka, yana gidan tarihin Yamamoto da aka buɗe a 1999.

A ganina, ɗan guntun alminiyon da ake tallatawa da sunan jirgin nan ba ya wuce ɗayan biyu: ko jabu ne, ko an ɓallo shi ne ba da izini ba. Takardar shaidar da dillali ke haɗawa da shi, sau da yawa shi ya rubuta abarsa.