Waiwaye: Yadda galiyom ke shiga gurbin ayon a jikin bakteriya

A shekarar 1944 wasu masu bincike biyu a Amurka, Arthur Schade da Leona Caroline, suka lura cewa ɗanyen farin ƙwai yana hana bakteriya yaɗuwa, amma da zarar an zuba masa sinadarin ayon, wato baƙin ƙarfe, wanda suke buƙata don rayuwa, sai su farfaɗo su ci gaba da hayayyafa. Ashe wani furotin ne a cikin ƙwan ke ƙwace ayon ya riƙe gam. Bayan shekara biyu suka gano irinsa a jinin ɗan Adam, wanda ake kira tiransferin. Daga nan aka fahimci cewa jiki yana yaƙar cuta da yunwa: ya ɓoye ayon, su kuwa bakteriya su ƙera nasu furotin da sinadaran da za su wawuro shi.

To, mai tsananin yunwa ba ya tsayawa tantance abin da ya shiga bakinsa. Nan galiyom ya samu ƙofa. Wannan ƙarfe, da Bafaranshe Lecoq de Boisbaudran ya gano a 1875, girman ƙwayarsa da cajinsa kusan ɗaya ne da na ayon mai caji uku, don haka furotin da aka tanadar wa ayon yakan cafke shi ba tare da ya bambance ba. Sai dai aikin ayon a cikin ƙwayar halitta shi ne karɓar ilektoron da miƙa shi, yana sauka daga caji uku zuwa biyu yana komawa. Galiyom ba ya iya wannan. Kamar makulli ne da ya shige kwaɗo daidai amma ya ƙi juyawa, kuma ya hana na gaskiya shiga. Sai numfashin ƙwayar cutar da ƙera DNA ɗinta su tsaya cik.

Abin da ke ci mini rai shi ne daɗewar da maganar ta yi a ajiye. Tun 1931 Constantin Levaditi na cibiyar Pasteur a Faris ya nuna cewa gishirin galiyom yana warkar da tunjere a jikin zomaye. Da maganin kashe ƙwayoyin cuta na fenisilin ya zo, kowa ya juya wa galiyom baya. Galiyom ya koma hannun likitocin daji: ana ɗaukar hoton ƙari da shi tun 1969, kuma a 1991 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don rage kalsiyom da ya yi yawa a jinin masu ciwon daji.

Sai da magungunan kashe ƙwayoyin cuta suka fara gazawa aka tuna da shi. A 2000 Oyebode Olakanmi da abokan aikinsa a Jami'ar Iowa suka nuna yana toshe wa ƙwayar tarin fuka hanyar samun ayon. A 2007 ayarin Pradeep Singh suka gwada shi kan bakteriyar Pseudomonas aeruginosa, wadda ke addabar masu ƙuna da masu ciwon huhu a asibitoci, kuma suka ga wani abin mamaki: ƙwayar da ta haɗiyi galiyom takan ɗauka ta ƙoshi, sai ta rage ƙera sinadarin da take farautar ayon da shi, yunwar ta ƙara tsananta.

A wani gwaji da aka wallafa sakamakonsa a 2018, an ba majinyata 20 masu cutar huhu ta gado, sistik faiburosis, galiyom ta jijiya na kwana biyar, numfashinsu ya ɗan inganta. Gwaji mafi girma da ya biyo baya bai kai ga abin da aka yi fata ba. Su ma bakteriyar ba a zaune suke ba: an samu waɗanda suka lalata furotin ɗin HitA, mai shigo da ayon, suka rage shigar galiyom ta wannan ƙofa, suna neman ayon ta wasu hanyoyin.