Waiwaye: Yadda masu sankarar huhu a Sin suka nema wa kansu abokan hira

Alƙaluman Cibiyar Yaƙi da Sankara ta ƙasar Sin sun nuna cewa a 2022 mutum fiye da miliyan ɗaya ne suka kamu da sankarar huhu, sama da 700,000 kuma ta yi ajalinsu. Ba abin mamaki ba ne a ƙasar da mashaya taba suka haura miliyan 300. Sai dai ba taba kaɗai ba ce: a Xuanwei da ke lardin Yunnan, matan da ba su taɓa sa sigari a baki ba sun daɗe suna kamuwa, saboda hayaƙin kwal da suke girki da shi a cikin ɗaki.

Wanda ya kamu kuwa, sau da yawa shi ne na ƙarshen jin labari. Likita kan kira 'ya'ya ko mata gefe ya faɗa musu, su kuma su ce da majinyacin ciwon ƙirji ne kawai, don sun yi imani fargaba na iya kashe mutum kafin cutar. Dokar likitoci ta 1998 ta ba da wannan dama, domin ta ce a sanar da majinyaci ko danginsa, a kuma guji abin da zai tayar masa da hankali. Niyyar mai kyau ce, amma mutum yana ganin yadda yake ramewa, yana ganin idon 'yarsa ya yi ja, shi ma sai ya yi kamar bai gane ba don kada ya ɗaga musu hankali. Kowa na lallashin kowa, babu mai faɗin abin da ke ransa.

Majinyatan ne da kansu suka fara neman mafita. Tun shekarun 1970 suke haɗuwa da sassafe a lambunan Beijing suna motsa jiki irin wanda wata mata, Guo Lin, ta koyar. Ko atisayen yana magani ko ba ya yi, a can ne mutum kan ambaci sunan ciwonsa ba tare da an yi masa kallon gawa ba. A 1989 aka kafa ƙungiyar masu fama da sankara a Shanghai. A Nanchang kuma, wasu miji da mata masu suyar abinci a wani lungu kusa da asibitin sankara sun bar wa masu jinya murhunsu tun 2003. Da kuɗi kaɗan mace za ta dafa wa mijinta miyar gida, ta kuma sami wadda za su yi kuka tare.

Hukuma ta biyo baya a hankali. Sai a 2017 gwamnatin tsakiya ta fara gwajin kula da waɗanda ciwonsu ya gagari magani a wasu birane, wata doka da ta fara aiki a 2021 kuma ta ce majinyaci ne za a fara yi wa bayani, ko da yake ta bar ƙofar dangi a buɗe.

Yanzu lissafin ya sauya. Bayan gwamnati ta karya farashin magungunan sankarar huhu irin su gefitinib daga 2016, da yawa suna shekaru da cutar, kuma da wuya a ɓoye wa mutum sunan ƙwayar da yake haɗiya kullum. Ga shi tsarin haihuwar ɗa ɗaya, wanda aka soke a ƙarshen 2015, ya bar iyalai da dama da ɗa guda, yana aiki a wani birni mai nisa, shi ne mai biyan kuɗin asibiti, shi ne kuma ake jira ya zo ya kwana da mahaifinsa.