Fasfon Poland ta hanyar kaka: inda zancen dillalai ke karyewa

Dillalan biza sun samu sabuwar haja. Wai muddin akwai ɗan Poland a cikin kakanninka, ko da na nesa ne, ka biya su kawai su fito maka da fasfon Poland, wanda fasfon Tarayyar Turai ne. Wasu har cewa suke gwajin jini ya wadatar. Ba haka dokar ta ce ba, kuma wanda ya bi su zai yi asarar kuɗinsa, in ma bai jawo wa kansa ɗauri ba.

Abu na farko da ake ɓatawa shi ne, hukumar Poland ba ta ba ka zama ɗan ƙasa ta wannan hanya. Tabbatarwa take yi cewa tun ranar da aka haife ka kai ɗan ƙasar ne, don ka gada daga mahaifi ko mahaifiya, su ma sun gada. Shi ya sa babu jarrabawar harshe, kuma ba sai ka taɓa zama a can ba. Amma sai sarƙar ta zo hannunka ba tare da ta tsinke ba. Gwamnan lardi ne ke yanke hukunci, wanda bai taɓa zama a ƙasar ba kuwa takardunsa na zuwa ofishin gwamnan lardin Mazovia da ke Warsaw, ta hannun ƙaramin jakada, kamar na ofishin jakadancinsu da ke Abuja.

A wajenmu masu wannan dama ba su da yawa: galibi 'ya'ya da jikokin matan Poland da suka auri 'yan Najeriyar da suka yi karatu a can, ko na likitoci da injiniyoyinsu da suka zo aiki a shekarun 1970 da 1980. Tasu mai sauƙi ce, domin daga 1951 uwa ma tana gadar wa ɗanta.

Rikicin yana can baya. Poland ta dawo taswirar duniya ne a 1918, bayan Rasha da masarautar Jamusawa ta Prussia da Ostiriya sun yi fiye da ƙarni suna rabe da ita, dokarta ta farko kan zama ɗan ƙasa kuma ta fara aiki ranar 31 ga Janairu, 1920. Kakan da ya yi hijira ya karɓi takardar wata ƙasa kafin wannan rana, bai taɓa zama ɗan Poland a idon doka ba, komai yawan yaren da yake yi a gida.

Daga 1920 zuwa 19 ga Janairu, 1951, ɗan da aka haifa cikin aure mahaifinsa yake bi, wanda aka haifa ba aure kuma mahaifiyarsa. Mutum na rasa matsayinsa in ya karɓi zama ɗan wata ƙasa, ko ya shiga sojanta ko aikin gwamnatinta ba da izinin Poland ba. Sai kuma ga wani sharaɗi da aka cusa: namijin da aikin soja na dole ke kansa ba ya rasa komai don ya karɓi takardar wata ƙasa, sai in an sallame shi daga wannan wajibi. A ɗauki wa da ƙanwa da suka sauka Amurka tare, suka yi rantsuwar zama 'yan ƙasar a 1930. Ita ta fita daga lissafi a ranar. Shi kuwa, da bai taɓa neman sallama ba, ya zauna ɗan Poland bai ma sani ba, yau jikokinsa na da hujja, nata ba su da ita. An yi dokar ne don kada samari su tsere wa soja, ga shi ta zama garaɓasa ga zuriyar maza. A ce wannan adalci ne, da wuya, amma da dokar zamanin da abin ya faru ake auna kowace haihuwa, ba da ta yau ba.

Dokar zama ɗan ƙasa ta 2009, wadda ta fara aiki a 2012, ta yarda wanda ya rasa matsayinsa kafin 1999 ya nemi a maido masa. Shi da kansa zai nema, yana raye. Jika ba ya nema wa kakar da ta rasu.

Kada kuma a rikita wannan da katin da suke kira Karta Polaka. Shi sai ka iya ɗan yaren, kuma ba fasfo ba ne, shaida ce ta asali.

Hujjar da ake so takarda ce: tsohon fasfo, littafin soja, rajistar haihuwa da ta aure ta kowane mutum a sarƙar, duk an fassara su zuwa harshen Poland ta hannun mai fassara da aka rantsar ko ƙaramin jakada. Nan ne dillali zai ce ka bar masa, zai “haɗa”. Amfani da takardar jabu a Poland na iya kai mutum gidan yari har shekara 5, kuma sunanka ne a kan fam ɗin, ba nasa ba. Hukumomin Poland suna da rumbunan ajiyar tarihi, suna dubawa.

Wanda aka tabbatar wa sai ya yi rajistar haihuwarsa a can, ya samu lambar shaida ta ƙasar da ake kira PESEL, sannan fasfo. Ɗan Najeriya na haihuwa ba ya rasa nasa don wannan. Sai dai da zarar ya taka ƙasar Poland, hukuma ɗan Poland kaɗai take ganinsa.