Giya da Jikin Mace: Tambayoyin da Ake Jin Nauyin Yi a Kano

A garin da shari'a ta haramta giya, mene ne na kawo wannan zance?

Domin haramcin bai hana ta shigowa ba. Tun shekarar 2000 Kano ta rungumi shari'ar Musulunci, kuma Hukumar Hisba ta sha fasa kwalabe a bainar jama'a. A watan Nuwamban 2013 kaɗai an murƙushe kwalba kusan 240,000, kuma duk abin da aka fasa, ai masu saye aka kawo wa. Hukuncinta a addini ba ya buƙatar ƙarin bayani daga gare ni, aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta gama magana. Sai dai ɓangaren lafiya shi ne ba ya isa kunnen mata. Namiji in ya sha, sai a ce Shaiɗan ne ya ruɗe shi, a yi masa addu'ar shiriya. Mace kuwa aurenta da sunan gidansu ne a kan faifai, don haka takan ɓoye wa kowa, har likitan da ke duba ta. Ga kuma 'yan'uwanmu mata na Sabon Gari da sauran unguwanni waɗanda addininsu bai hana su sha ba, su ma jikinsu irin na kowace mace ne.

Da gaske ne ta fi yi wa mace illa fiye da namiji?

Da gaske ne. Ko da nauyinsu ɗaya, suka kuma sha daidai wa daida, ƙarfin giyar a jinin macen zai fi yawa. Giya a cikin ruwan jiki take bazuwa, ba ta shiga kitse. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin namiji ruwa ne, na mace kuwa bai cika wuce rabi da yawa ba. Cokalin gishiri ɗaya a ƙaramin kofi ai ya fi ɗaci a kan wanda aka zuba a babban kofi. Bayan haka, akwai wani sinadari a tumbi da ke fara farfasa giya kafin ta kai jini, kuma bincike ya nuna ya fi ƙaranci a jikin mata. Shi ya sa ɓarnar da namiji zai daɗe yana tarawa a hanta da zuciya da ƙwaƙwalwa, mace kan tara ta cikin shekaru kaɗan, da abin da bai kai nasa yawa ba.

Ina alaƙarta da sankarar mama?

Wannan ita ce illar da mata suka fi jahilta, ba a nan kaɗai ba, har a Turai. Tun 1988 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya giya a rukuni na ɗaya na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara, rukunin da taba sigari take. A 2007 ta ƙara sankarar mama a jerin. Hanyoyin biyu ne manya. Idan hanta ta farfasa giya, takan fitar da wata guba da ke lalata ƙwayoyin halitta. Sannan giya na ƙara yawan sinadarin mata na istirojin a jini, shi kuwa yana ciyar da wasu nau'o'in sankarar mama. Wani babban nazari da aka fitar a 2002, wanda ya tattara bincike sama da 50, ya gano cewa duk giram 10 na tsantsar giya da mace ke sha kullum yana ƙara haɗarin da kusan kashi 7 cikin 100. Giram 10 ɗin nan bai kai abin da ke cikin babbar kwalbar biya ɗaya ba. Kuma babu bambanci tsakanin biya da wayin da burkutu, sinadarin da ke ciki iri ɗaya ne. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce babu wani ma'aunin giya da za a kira marar haɗari.

Hanta fa?

Tana kumbura, ta yi kitse, daga bisani ta ƙeƙashe. Mu a nan muna da ƙarin matsala: binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, akasari ba su ma sani ba. Mai wannan ƙwayar in ta ƙara da giya, ta haɗa wa hantarta maƙiya biyu.

Mai juna biyu in ta ɗan kurɓa kaɗan, akwai laifi?

Babu wani kaɗan da aka tabbatar ba ya cutar da ɗan tayi, kuma babu watan da aka ce ba komai. Giya na ratsa mabiyiya kai tsaye, shi kuwa ɗan da ke ciki hantarsa ba ta ƙosa ta tace ta ba. A 1973 wasu likitoci a birnin Siyatil na Amurka suka ba lalurar da giya ke jawo wa ɗan tayi suna: yaro ya zo da ƙaramin kai, siririn leɓen sama, ga rashin girma. Wasu yaran fuskarsu lafiya lau, sai an sa su makaranta a ga ba sa riƙe karatu, ba sa iya natsuwa, a yi ta dukansu ana cewa taurin kai ne. Wannan lahani ba ya warkewa. Akwai kuma ɓari da haihuwar bakwaini. Abin tsoron shi ne makonnin farko, lokacin da mace ba ta ma san ta samu ba. Wadda ta sha kafin ta gane, ta daina daga ranar, ta kuma faɗa a wajen awo, domin duk lokacin da aka daina an rage ɓarna.

Mai shayarwa ma giyar na sauka a nononta. Zancen da ake yi a wasu wurare cewa bammi na kawo ruwan nono ba gaskiya ba ne, rage saukarsa ma yake yi.

Shin mace na iya sha ba tare da ta sani ba?

Ƙwarai. Wasu ruwan sassaƙe masu ɗaci da ake sayarwa a kwalba da sunan maganin basir ko ciwon baya, giya ce mai ƙarfi a ciki. A duba jikin kwalbar, in an ga alamar kashi cikin ɗari kusa da kalmar Turanci “alcohol”, wadda ke nufin giya, to ita ce. Ga kuma ta ƙaramar leda mai araha, mai sauƙin ɓoyewa a jaka, wadda hukumar NAFDAC ta sanar da haramta ta a farkon 2024, ita da ta kwalbar da ba ta kai mililita 200 ba.

Mafi muni shi ne haɗa ta da wasu ƙwayoyi. Kano ta san bala'in kodin, wanda gwamnatin tarayya ta haramta maganin tarin da ke ɗauke da shi a watan Mayun 2018, kuma matan aure da 'yan mata na cikin waɗanda ya kama. Kodin da tiramadol da ƙwayoyin barci duk suna danne numfashi, giya ma haka. In suka haɗu, mutum na iya yin barcin da ba tashi.

'Yar'uwata ta kamu, ya zan yi?

Kada ki fara da tona mata asiri a dangi, ƙara ɓuya za ta yi. Ki samu lokacin da take cikin hayyacinta, ki ce mata, “Yaya, na ga halin da kike ciki, ba kuma zan kai ki gaba ba. Mu je mu ga likita tare.” Sau da yawa akwai abin da ke ƙasa: mutuwar aure, dukan miji, baƙin cikin bayan haihuwa, rashin barci. In ba a taɓa wannan ba, komawa za ta yi.

Wadda ta daɗe tana sha kullum kuma, kada a kulle ta a ɗaki a ce ta daina dare ɗaya. Cikin kwana biyu zuwa uku tana iya kama karkarwa, farfaɗiya, ko gane-gane, a ɗauka aljanu ne alhali jiki ne ke neman abin da ya saba, kuma hakan na iya kisa. Addu'a na da muhallinta, amma a haɗa da asibiti. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau. In kun je, ta faɗa wa likita me take sha, nawa, tun yaushe, da duk ƙwayar da take haɗawa da ita, domin a kan wannan zai auna maganin da zai ba ta.