Zirga-zirgar Jiragen Ruwa a Ƙasar Yauri

Zirga-zirgar jiragen ruwa a ƙasar Yauri ta ƙunshi tafiye-tafiyen da ake yi da kwale-kwale da jiragen katako a Kogin Kwara, wato Neja, da arewacin Tafkin Kainji, a kudancin Jihar Kebbi. A cikinta akwai fito, da jigilar kaya zuwa kasuwanni, da ƙaurar masunta masu bin kifi daga sansani zuwa sansani. Kogin, mai tsawon kusan kilomita 4,180, yana shigowa Nijeriya ta yankin Illo a ƙaramar hukumar Bagudo, ya gangaro ta Shanga da Yauri da Ngaski.

Tarihi

Tun kafin a san hanyar mota, kogin ne babban titin wannan ƙasa. Gungawa, mazauna tsibirai, su ne suka fi daɗewa a kansa, kuma sun shahara da noman albasa da shinkafa a gungu da bakin gaɓa. Sarkawa kuwa masunta ne da ake danganta asalinsu da Sorko na daular Songhai, sun gangaro daga sama a wani zamani da ba a tantance ba, suka hausance. Masarautar Yauri, ɗaya daga cikin Banza Bakwai, ta yi ƙarfi saboda mashigin da fatake ke ƙetarewa a hanyar Gwanja, a Ghana ta yau, su tafi da kanwa da tufafi, su dawo da goro.

Turawa masu neman inda kogin ya faɗa teku sun bi ta nan. Mungo Park ya taso daga Sansanding, a Mali ta yau, a watan Nuwamba 1805, cikin jirgin da ya harhaɗa daga kwale-kwale ya sa masa suna Joliba, tsawonsa kamar ƙafa 40. Ya iso Yauri wajen farkon 1806, inda jagoransa Amadi Fatuma ya sauka. Ba da jimawa ba jirgin ya maƙale a duwatsun Busa, aka kai masa hari, Park ya halaka tare da sauran Turawan da suka rage. An yi saɓani kan dalilin harin da aka kai masa. A 1830 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka zauna makonni a Yauri suna neman takardunsa, daga baya suka bi kogin da kwale-kwale har teku.

Abin da ya fi sauya rayuwar ruwa a nan shi ne madatsar Kainji, wadda aka gina daga 1964 zuwa 1968. Tafkin da ya taru ya kai tsawon kusan kilomita 135. Ya shanye tsohuwar Busa da tsibirin Foge da gungu da dama, aka tashi mutane wajen 44,000 zuwa sababbin matsugunai. Asarar Gungawa ba ƙarama ba ce: mutanen da suka gaji tsibiri da jirgi suka wayi gari a tudu, gonakin kakanninsu a ƙarƙashin ruwa.

Jirage da zaman cikinsu

Akwai kwale-kwalen da ake fafewa daga gungume guda, ana tuƙa shi da filafili ko a tura da gwangwala inda ruwa bai da zurfi. Manyan jiragen kasuwa da katako ake haɗa su, a ɗaura musu inji a baya.

Lodi yana da tsari. Buhunan hatsi da albasa ne a ƙasa don jirgi ya zauna daidai, sai kwandunan busasshen kifi, sai babura da awaki, fasinjoji kuma su zauna a kan kaya ko a katakon da aka gitta. Direba yana baya riƙe da inji, wani a goshi yana duba kututture da yashi. Akwai kuma yaron jirgi, wanda aikinsa kwarfe ruwa da yankakkiyar jarka tun daga tashi har sauka, domin jirgin katako ba ya rabuwa da yoyo.

Masuntan da ke yin kwanaki a ruwa sukan tafi da gari da barkono da tabarma da gidan sauro. Wasu suna hura wuta a kwanon da aka cika da yashi don kada katako ya kama. Inda dare ya yi, a ɗaure jirgi a gaɓa, a yi salla, a shanya taru, a banda kifin da aka samu: karfasa, tarwaɗa, kurungu, wani lokaci giwan ruwa.

Tafiya tana bin halin kogin, wanda ke cika sau biyu a shekara. Cikar farko ta damina ce, ruwan gauraye da laka. Ta biyu tana isowa da hunturu, ruwan da ya taso daga Gini ya daɗe yana ratsa fadamun Mali.

Garuruwan bakin ruwa

Yelwa ce babbar tasha. Akwai Wara a Ngaski, da Zamare inda ake fito zuwa Rofia a Jihar Neja, da kasuwar Malale a ɓangaren Borgu. Ranar kasuwa jirage kan jeru a gaɓa tun hantsi, 'yan dako na shiga ruwa har gwiwa suna sauke kaya. Baƙon da ya zo kamun kifi yakan fara gaida Sarkin Ruwa.

Bikin Rigata

Ana yin sa a Yauri, da tseren jirage da ninkaya. Ana danganta asalinsa da farautar dorina da atisayen yaƙin ruwa na Gungawa.

Haɗura

Yawan lodi, tsufan jirage, tafiyar dare, guguwar farkon damina da kututturan itatuwan da tafkin ya shanye su ne manyan dalilan kifewa. Ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgi ɗauke da fiye da mutum 150 ya nutse kusa da Wara, kaɗan ne suka tsira. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sanya rigar kariya, amma har yanzu rigunan ba su wadaci fasinjojin ƙananan tashoshi ba.