Veduta: me kalmar nan take nufi?

Duk mai bibiyar zane-zanen Turawa na da zai ci karo da kalmar veduta. Italiyanci ce, ma'anarta abin da ido ya hango, amma a bakin masu zane ana nufin zanen gari ne da aka yi shi filla-filla, gidaje da gadoji da bakin ruwa da kwale-kwale, har ɗan garin ya duba ya ce ga unguwarmu can. In kuwa mai zanen ya haɗa gine-ginen da ba wuri ɗaya suke ba ko ya ƙago nasa daga kansa, wannan capriccio ake ce masa.

Gwanin fannin shi ne Canaletto mutumin birnin Venis na Italiya, an haife shi 1697 ya rasu 1768. 'Ya'yan attajiran Ingila masu zuwa yawon buɗe ido Italiya su ne manyan kwastomominsa, lokacin ba kyamara, to zanen ne tsarabar da suke komawa gida da ita, shi ya sa yau aikinsa ya fi yawa a Ingila nesa ba kusa ba a kan Venis ɗin kanta.

Ni dai wanda ya fi shiga raina shi ne na filin masassaƙa dutse, ya zana shi wajen 1725, yana gidan adana zane-zane na National Gallery da ke Landan. Ba fada ba biki, bayan gari ne kawai. Ga manyan duwatsu zube a ƙasa ma'aikata sun duƙufa suna sassaƙa, fentin bango ya ɓaɓɓare, can gefe wani ɗan yaro ya faɗi ƙasa har fitsari ya kufce masa, uwarsa ta jingine tsintsiya ta taho da gudu, wata mata kuma tana leƙowa daga saman bene. Wallahi sai ka ji kamar za ka jiyo kukan yaron. Bayan su ga babban mashigin ruwan Venis kwale-kwale suna ƙetarar da mutane, a ɗaya ƙetaren kuma ga cocin Santa Maria della Carità da doguwar hasumiyarta.

Hasumiyar nan ta rushe a 1744, ko ka je Venis yau ba za ka same ta ba, sai dai ka gan ta tsaye a cikin zanen.