Robar tagar iska da ta ƙofa a tsohuwar Land Rover

Robar tagar iska, wato ƴan tagogin da ke ƙarƙashin gilashin gaba, da robar ƙofa sune ke tare ruwa da ƙura da ƙarar iska a tsofaffin motocin Land Rover, wato samfurin Series da kuma Defender da ya biyo bayansa. Kayan basu da tsada idan aka kwatanta da sauran kayan motar, amma canza su aiki ne da kusan duk mai irin motar sai ya yi, saboda ƙarfen da ke ƙarƙashin robar shine ainihin abinda ake karewa.

Tarihi

Kamfanin Rover ne ya fito da motar a bikin nuna motoci na Amsterdam ranar 30 ga Afrilu 1948, Maurice Wilks ne ya tsara ta, yayansa Spencer Wilks kuma shine ke riƙe da kamfanin, ana haɗa ta a Solihull ƙasar Ingila. Lokacin an gama yaƙin duniya na biyu kenan ƙarfe ya yi wuya, sai aka yi jikin motar da alminiyam, amma bangon gaba da ke tsakanin inji da direba da kuma firam ɗin ƙofofi duk ƙarfe ne, kuma daga nan matsalar ta samo asali domin alminiyam baya tsatsa irin ta ƙarfe amma duk inda su biyun suka haɗu ga danshi to sai ya fara cinyewa ya koma farin gari.

Series II ta fito 1958, IIA a 1961, Series III kuma a 1971 har zuwa 1985. A duk waɗannan akwai tagogin iska guda biyu ƙarƙashin gilashin gaba, kowace da marfinta da ake turawa daga ciki, na farko-farko murɗawa ake yi daga baya aka koma ɗan hannu na ja, wasu kuma da ragar waya a bayansu don kar ƙwari su shigo. Motar da ba AC, wannan tagar ce sanyin direba. Da sabon samfurin 110 ya zo a 1983 da na 90 a 1984 an bar tagogin yadda suke, haka ma da aka raɗa musu suna Defender a 1990. Sai a 2007 da aka sa injin Ford da sabon dashbod aka toshe su gaba ɗaya, shatin su dai ya rage a jikin ƙarfen har aka daina ƙera motar ranar 29 ga Janairu 2016. Masoya motar da yawa basu ji daɗin wannan toshewar ba, wasu kuma sun ce gara haka tunda wajen yoyo ya ragu.

Su ma ƙofofin sun canza. Ta Series hawa biyu ce, saman mai gilashin ja-gefe ana iya kwance shi a aje, akwai roba a tsakaninsa da ƙasan. Robar bakin ƙofar kuma guntu-guntu take, kowane guntu da siririn ƙarfe a cikinsa, da ribit, wato ƙusar da ake matse kanta, ake kafe shi a jikin mota. Wajajen tsakiyar shekarun 1980 aka koma ƙofa mai gilashin murɗawa, ita kuma robar ta zama doguwa guda ɗaya wadda ake dannawa kawai ta kama leɓen ƙarfen.

A Najeriya an san motar tun zamanin Turawa wajen rangadi da aikin ƴan sanda, kuma kamfanin Leyland ya haɗa ta a Ibadan wajajen ƙarshen shekarun 1970 zuwa 1980 da ɗoriya.

Abinda ke kashe robar

Rana da zafi da tsufa. Roba ta bushe ta tsattsage, ko ta kwanta ta daina tasowa in an buɗe ƙofa. A ƙasa mai ruwan sama kamar Ingila yoyo ake fara gani, tabarmar ƙasa kullum jiƙe, a wuraren hunturu kuwa ƙura ce ke tona asiri, zaka ga jan layi a gefen kujera daidai inda robar ta mutu. Robobin yanzu yawanci na wata irin robar haɗi ce da ake kira EPDM, sun fi jure rana amma basa shiri da man inji ko fetur.

Canza robar tagar iska

Ana kwance hannun da ke riƙe marfin daga ciki, sannan a zare ƴan ƙusoshin hinjin da ke sama, waɗannan sau da yawa sun ci tsatsa sai an jiƙa su da mai an bari ya kwana. Iri biyu ake samu, akwai roba mai kauri da ake liƙawa a ramin bangon motar, akwai kuma mai kama da soso wadda ke zuwa da gam ɗinta ana manna ta a jikin marfin. Wanne ya fi, har yau ba'a daidaita ba, mai kaurin tana daɗewa amma tana hana marfi rufuwa da farko, mai soson tana rufuwa lafiya lau amma bata kai ta kwana ba.

Babban aikin dai kankare tsohon gam ne. Sai an bi ramin da burushin waya da samfefa har a ga farin ƙarfe, musamman kusurwoyin ƙasa inda ruwa ke kwanciya, in akwai huji to aikin mai walda ne ba na gam ba, sannan a shafa fentin hana tsatsa a bari ya bushe sosai. Wanda ya liƙa sabuwar roba kan tsatsa ya ɓoye ciwo ne kawai, kuma bangon gaban nan in ya ruɓe canza shi sai an kwance kusan rabin motar. Bayan an liƙa ana rufe marfin a barshi kwana ɗaya ko biyu robar ta zauna.

Canza robar ƙofa

A Series sai an huda kan tsofaffin ribit ɗin ɗaya bayan ɗaya, a share wajen, a kafa sabbin guntayen. Wasu suna sa robar Defender saboda ta fi rufewa, amma hakan na bukatar a rage leɓen ƙarfen da giranda, abinda masu son motar ta zauna yadda ta fito basa yarda da shi. A Defender ana farawa daga kusurwar sama a bi a hankali ana dannawa da hannu ko gudumar roba, kada a ja ta don in aka miƙe ta zata koma ta bar giɓi.

Sabuwar roba tana sa ƙofa tauri, sai an buga da ƙarfi kafin ta kama. Ana ɗan sassauta maƙalin kulle na jikin mota a turo shi waje, bayan wasu makonni a maida shi ciki. Gwajin da makanikai ke yi shine a maƙale takarda a rufe ƙofa a ja, inda ta zare ba wahala nan ne iska ke shiga. Ramukan zubar ruwa na ƙasan ƙofa kuma a tabbata basu toshe ba.

Kulawa

Wankewa da ruwa da sabulu, sai a ɗan shafa man silikon lokaci-lokaci, musamman kafin zafin bazara.